Ƙurar Dutsen Zinare a Tsakar Gida: Aikin Wa Ne Ya Auna Ta?

Malama 'Yar Anka: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na dawo daga ganin gida, kuma abin da na gano ya hana ni barci. A ƙauyen kakannina injin niƙa dutsen zinare ya dawo bakin gari, tsakaninsa da makarantar allo bai fi jifa biyu ba. In aka tayar da shi da hantsi, ƙura ce fari fat take tashi ta sauka a kan danga, a kan shanyar tsaba, a kan randunan da aka bari a buɗe. Na shafa allon wani yaro, sai da yatsana ya bar sawu. Mu da muka ga 2010 mun san abin da irin wannan ƙurar ta yi mana. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba na 2024, maganar lasisi da masu zuba jari kawai nake ji. Ni tambayata ɗaya ce. Wane ofishi ne aikinsa ya zo ya ɗebi ƙasar tsakar gida ya auna, tun kafin yara su fara jijjiga? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini, zan rubuta musu takarda da hannuna.

Ɗan Haƙo: Wa alaikumus salam Malama. Ni da kaina aikin ga nika yi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban musanta abin da kika gani ba. Amma a riƙa tunawa hwa, gonakin da munka gada da yawa ba su shiguwa saboda ɓarayin daji. In ban sari dutse ba, da mi zan ciyar da ɗiyana? Duk sanda anka ta da maganar ƙura, abin da ka biyo baya shi ne a zo a kwashe muna inji.

Malama 'Yar Anka: Ƙanena, ban ce a kwashe maka inji ba. 'Ya'yanka ma a cikin ƙurar suke kwana.

Tsohon Nas: Malama, bari in tuna wa matasan zauren nan abin da ya faru, don wasu suna firamare a lokacin. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shigo yankin don sa ido kan sanƙarau, suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika da jini waje aka gano dalma ce. Kafin yara ma, agwagin garuruwan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, ta samu cewa a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya bisa huɗu ke nan. Cikin waɗanda suka rage da aka samu gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun haura maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini, wato matakin da ake fara ba yaro maganin da ke zuƙe dalma daga jiki. 'Yar na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakarta 65, yara da yawa sai dai ta nuna sun wuce abin da take iya karantawa. A ƙarshe adadin yaran da aka rasa a jihar ya kai 400 ko fiye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dutsen da ake samun zinaren a cikinsa cike yake da dalma. Farashin zinare ya tashi, mutane suka riƙa kawo dutsen gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Yaro mai rarrafe hannunsa kullum a ƙasa yake, daga ƙasa sai baki. Jikin yaro kuma ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, balle in yana fama da ƙarancin jini ko yunwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka rayu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata magani ba ya dawo da shi. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda ƙafa ta shanye, akwai masu yawa da za ka gan su garau amma karatu ba ya zama.

Matashi Mai Kishi: To Baba, tunda haka ne me ake jira? A sake hanawa kawai, a zuba sojoji. Rai ya fi zinare.

Ɗan Haƙo: Ɗan'uwa, an hana ai. Daga watan Afrilu na 2019 har ƙarshen 2024 hanin yana nan. Kana tsammanin an daina? Ni abin da na gani da idona, wanda da can yake niƙa a fili bayan gari, da anka ce za a kama shi sai ya mai da aikin cikin gida, bayan ɗakin matatai, inda babu mai gani. Hanin ya kori aikin daga inda iska ke kwashe ƙurar zuwa inda jarirai ke kwance.

Lauya Mai Zaman Kansa: Hajiya Malama, bari in amsa tambayarki kai tsaye, sai dai amsar ba za ta yi miki daɗi ba. A tsarin mulkin 1999, ma'adinai na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon yi musu doka. Gwamna ba ya ba da lasisin haƙa, shugaban ƙaramar hukuma ma haka. Dokar da ke aiki ita ce ta ma'adinai da haƙarsu ta 2007. A ƙarƙashinta akwai ofishin da ke rajistar lasisi, akwai sashen duba wuraren haƙa, akwai sashen da ke bibiyar kiyaye muhalli, akwai kuma sashen masu ƙaramar haƙa, duk a ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Dokar ta ce kowace jiha ta sami kwamitin ma'adinai da muhalli, wanda ake kira MIREMCO, ya riƙa ba minista shawara kan gurɓatar ƙasa da koken al'umma. A gefe guda ga hukumar NESREA, ita ma an kafa ta a 2007, mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Lafiyar yaron da ya shaƙi ƙurar kuwa tana hannun ma'aikatar lafiya ta jiha da asibitin shan magani na ƙaramar hukuma.

Kin ga inda gizo ke saƙar. Mai ba da izini yana Abuja, mai jinyar yaron yana jiha, ƙurar kuma tana tsakar gidan kakanki. Sannan yawancin tanadin dokar, kamar rahoton tasirin aiki ga muhalli da yarjejeniyar raya al'umma da kamfani zai sa wa hannu kafin ya fara haƙa, an yi su ne da tunanin kamfani mai adireshi da lasisi. Mai inji ɗaya a bakin gari, wanda ke niƙa wa mutane buhu-buhu a biya shi, sau da yawa sunansa ba ya cikin kundin kowa.

Malama 'Yar Anka: Barista, wato in rubuta wa wa ke nan?

Lauya Mai Zaman Kansa: Ki rubuta wa jami'in ma'adinai na tarayya da ke kula da jihar, ki ba kwamitin MIREMCO kwafi, da ofishin NESREA, da kwamishinan muhalli, da na lafiya. Kowa ki sa ya buga hatimin karɓa a kan naki kwafin. Kada ki rubuta "ana cutar da mu" kawai. Ki faɗi nisan injin da gidaje, lokacin da yake aiki, yara nawa ne a makarantar, sannan ki nemi abu takamaimai: a zo a auna ƙasa, a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, na yi aikin duba wuraren haƙa shekaru masu yawa kafin in ajiye, ba zan faɗi inda na yi ba. Ki rubuta takardar, yana da kyau. Amma ina so 'yan zaure su san halin da mai duban yake ciki. Akwai lokacin da ofishinmu ba shi da motar da za ta shiga daji. In za mu je duba wuri, wani sa'in mai wurin ne zai aiko mota ta ɗauke mu, ya ciyar da mu, ya dawo da mu. Ku faɗa mini da wane bakin za ka rubuta masa rahoto mai zafi? Kuma abin da muke dubawa takarda ce: lasisinka bai ƙare ba, ka biya kuɗin gwamnati, nakiyarka tana da izini. Ban taɓa riƙe na'urar auna ƙura a hannuna ba har na bar aiki. Wannan abu yana damuna har yau, don na san na sa hannu a kan wuraren da ni kaina na fito ina tari.

Matashi Mai Kishi: Allah ya saka da alheri Baba da wannan gaskiyar. Amma yanzu ai an kafa dakarun tsaron ma'adinai.

Baba Mai Ritaya: An kafa su a watan Maris na 2024, daga cikin jami'an sibil difens aka ɗebo su. Aikinsu kama masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana buƙatar hakan. Sai dai bindiga ba ta auna dalma, ɗana. Wuri zai iya zama da lasisi cikakke ƙurarsa tana kashe mutane.

Injiniya: Ina so in ƙara wani abu, don kada a ɗauka matsalar dalma ce kaɗai, ko ta Zamfara ce kaɗai. Ko dutsen ba shi da dalma ko kaɗan, niƙa shi a bushe yana fitar da ƙurar silika, wani sinadari da ke cikin yashi da yawancin duwatsu. Wadda ido ke gani ba ita ce ta fi haɗari ba, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai kisan ita ce 'yar mitsitsiyar da ba a gani, wadda ke wucewa can ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta yi mata tabo har huhun ya ƙandare. Ciwon ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wannan ya shafi masu fasa dutse a kwari ko'ina, daga Mpape a Abuja har zuwa namu na nan Arewa. Mutum zai yi shekaru yana aiki lafiya, sai ya wayi gari hawa ɗan tudu ma na gagararsa, a ce asma ce ko sammu.

Ɗaure hanci da rawani ko ƙyalle ba ya tare irin wannan ƙurar. Abin da ke aiki shi ne ruwa, a kashe ta tun a bakin injin. An gwada wannan da masu haƙar zinare a nan Arewacin Najeriya, ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata tare da MSF suka yi, an wallafa sakamakon a 2019. Feshin ruwa mai laushi a wurin niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, ya rage silikar da ke shiga huhu da kashi 80. Kayan aikin tanki ne da famfo da tiyo da kan feshi.

Ɗan Haƙo: Injiniya, na ga irin shi, kuma yana aiki, ban ƙi ba. To amma ruwan hwa? Da rani jarka nawa za ka saya? Kuma wanda ya sa ruwa aikinai na tafiya a hankali, maƙwabcinai da ke niƙa a bushe ya kwashe masu kawo dutse. In ba a tilasta wa kowa ba, mai bin ƙa'ida shi ka faɗuwa.

Injiniya: Wallahi ka faɗi zancen gaba ɗaya. Nan ne wurin gwamnati. Ta ware fili nesa da gari, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ce duk mai niƙa nan zai niƙa, kuma da ruwa. Sannan a kula da laka, don in ta bushe ƙura za ta sake zama. Rami ake yi mata a killace, kada awaki da yara su shiga.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki, don duk maganar nan maza ke ta yi a kan inji, alhali mu ne a cikin gidan. Ko an kai injin bayan gari, maigida zai dawo da yamma fari fat, ya zauna a tabarmar da yara ke wasa, jariri ya haye jikinsa. Ni zan wanke kayan, a bahon da nake yi wa yara wanka. Buhun da aka ɗauko dutse da shi, gobe shi za a shimfiɗa a shanya kuɓewa. Turmin da aka daka dutse, shi ne na fura. Akwai ma waɗanda suka yi tubalin ɗaki da ƙasar da aka wanke zinare. Mace a kulle ba ta zuwa taron da ake yi a ƙofar fada, duk bayanin da aka yi wa maza rabinsa ba ya shigowa gida. In da gaske ake, a turo mata ma'aikatan lafiya su shiga gida-gida. Kuma ga hayaƙin zaibar da ake ƙonawa don a ware zinaren, wasu a kan murhun girki suke yi.

Tsohon Nas: Gaskiyarki 'yar'uwa. A wanke jiki a sauya kaya a wurin aiki, takalmin aiki kada ya ƙetare zaure. Mai ciki ma ta kiyaye, don dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Tunda kin kawo zancen cikin gida, bari in faɗi wanda mutane ba sa son ji: kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai, mai ƙyalli ɗin nan, da yawansa dutsen dalma ne. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Ɗan Arlit: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina bin zancenku daga Nijar. Mu namu ba 'yan ƙaramar haƙa ba ne, manyan kamfanoni ne masu takardu cikakku, na ƙarfen iraniyom. Kamfanin COMINAK na Akokan, kusa da Arlit, ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, bayan sama da shekara arba'in yana aiki, ya bar tsibin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 kusa da gari, ga iskar hamada. Abin da nake so ku ɗauka daga wurinmu shi ne batun wanda ke riƙe da ma'auni. Shekara da shekaru alƙaluman da ake ji daga wajen masu haƙar suke fitowa. Sai da ƙungiyar Aghir In'man ta su Almoustapha Alhacen ta haɗa kai da masu bincike masu zaman kansu na CRIIRAD daga Faransa, suka auna ruwa da tituna da ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, sannan duniya ta saurara. Ku nemi a auna, amma ku nemi a karanta muku sakamakon a bainar jama'a da harshen da kuke ji.

Malama 'Yar Anka: Mun gode ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Wannan na ƙarshen zan sa shi a takardata.

'Yar Jarida: Anti, ki shirya wa jira kuma, ki shirya wa naci. Ku tuna ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, ana kankare saman ƙasa kamar santimita biyar a binne a rami, a zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Likitoci kuma ba za su fara ba yara magani ba sai an share, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar, aikin banza ka yi. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012, su Hamzat Lawal suka tayar da gangami a intanet, sannan aka saki kuɗin a watan Janairu na 2013, zamanin Shugaba Jonathan. Shekara biyu bayan nan, a 2015, abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, su Shikira da Kawo, yara 28 suka rasu. Hanya ɗaya, dalili ɗaya. MSF kuma ta miƙa aikin dalma na Zamfara ga hukumomin jiha a farkon 2022, don haka yanzu nauyin gwajin jinin yara a wuyan gwamnati yake kacokan.

Matashi Mai Kishi: To in ofisoshi sun yi shiru fa? Haka za a zuba ido?

Baba Mai Ritaya: A'a. A 2010, abin da ya fitar da niƙa daga cikin gidaje da sauri shi ne umarnin masarautu, da hakimai da masu gari da suka tsaya a kai. 'Yata, kafin takardarki ta isa Gusau, ki sa kawunanki su je wurin mai gari da liman. Huɗubar Juma'a ɗaya za ta iya matsar da injin nan cikin mako. Sai dai kada wannan ya sa ki fasa takardar. Mai gari zai iya matsar da inji, amma ba shi da na'urar da za ta gaya masa ko ƙasar makarantar allon nan ta riga ta gurɓace. Wannan hakkin hukuma ne, kuma da harajin ma'adinan ya kamata a yi shi.

Tsohon Nas: Kafin nan, Malama, ki ce wa malamin allon ya mayar da karatu wani zauren can cikin gari. Kada a share wurin da tsintsiya a bushe, a yayyafa ruwa tukuna. A rufe randuna, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ci abinci. Duk yaron da ya yi jijjiga, in an kai shi asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa ana niƙa dutse kusa da gidansu.

Ɗan Haƙo: Yaya Malama, in kin rubuta ki sa har da buƙatar fili da ruwa, kada ta tsaya ga koke kaɗai. Mu ma muna da ƙungiya, zan kai maganar ga shugabanninmu ran kasuwa. In anka nuna muna wuri bayan gari inda za a samu ruwa, ni zan fara ɗauke nawa injin.

Malama 'Yar Anka: Na sa, ƙanena. Barista, zan turo maka daftarin ta akwatin sirri yau da dare ka duba mini. Maman Biyu, ki ba ni abin da kike so a rubuta game da shiga gida-gida, da kalmominki zan sa shi. Na kira kawuna yanzu, ya ce gobe bayan sallar asuba zai je wurin mai gari, kuma zai auna tazarar injin da makarantar da taku don mu sa a takardar.